Fayyace Magana: Kunya Ce Ke Hana Mu Ko Tsoro?

Zancenmu na yau a kan kalma ɗaya tak zai tsaya, kalmar ma ta Turanci. To kada wadda ba ta yi boko ba ta ce wannan shafin ba nata ba ne ta wuce. Ki dai biyo ni sannu a hankali, za ki ga ashe abin da kalmar take nufi kin daɗe kina yin sa a gindin murhu, sunan ne kawai ba a gaya miki ba.

Kalmar ita ce clarify. 'Yan makaranta suna cin karo da ita a takardar jarrabawa, ma'aikata suna jin ta a wurin taro, mai sauraron labarai da Turanci kuwa ba ta rasa jin an ce wani babba ya fito zai yi ta, bayan ya yi wata magana jiya jama'a sun yi masa ca. In za a ba ta Hausa sai mu ce fayyace. Asalinta daga Latin ne, harshen Rumawan da, inda clarus yake nufin abu mai haske, wanda yake garau. Daga can ta biyo ta Faransanci ta shiga Turanci, yau fiye da shekara 600 ke nan.

Turawa suna da wata kalmar, explain, wadda ɗalibai kan rikita ta da wannan, alhali aikinsu daban ne. Ita explain bayani ce ga wanda bai san abu ba sam, kamar yadda uwa take koya wa 'yarta yadda ake tuƙa tuwo. Ita kuwa clarify ba ta tashi sai an riga an yi magana, maganar ta fito a dagule, tana iya ɗaukar fuska biyu, sannan a dawo a tace ta. Wani lokaci mai maganar ne da kansa yake dawowa ya ce ga abin da nake nufi. Wani lokaci kuma mai sauraro ce take tsayar da shi ta ce, "Dakata, me kake nufi?" Wannan 'yar tambayar ita ce take yi mana nauyi a baki, mu mata, kuma a kanta nake so mu yi nazari.

MAN SHANU DA RUWAN KOGI

Bature ba a magana kaɗai yake amfani da kalmar nan ba. In ya ɗora ɗanyen man shanu a wuta ya narke, ruwan cikinsa ya ƙone, kumfa ta taso aka kwashe, guntayen madarar suka kwanta a gindin tukunya aka tsiyaye man garau, to wannan aikin ma sunansa clarify. Haka in ruwa ya yi laka aka sa shi ya kwanta. Kin ga ke nan abin da kike yi ne in kin sayi man shanu wurin Bafulatana ranar kasuwa kin zo kin soya shi da 'yar albasa.

To duba abin da suyar man nan take koya mana. Na farko, ba ki ƙara masa komai ba, ragewa kika yi. Man da kika zuba a tukunya ya fi wanda kika tsiyaye yawa. Haka fayyace magana yake. Da yawanmu mun ɗauka yawan surutu shi ne bayani, sai ki ga mace ta yi awa guda tana kewaye-kewaye, ta kawo zancen bara, ta kawo na bikin ƙanwar miji, a ƙarshe miji ya tashi bai san abin da ake so da shi ba. Alhali abin da ke ranta jimla ɗaya ne: kuɗin cefane ba ya isa.

Na biyu, ɗanyen man shanu ba ya daɗewa, kwana kaɗan ya fara wari, amma soyayye sai ya yi watanni a kwalba yana ƙamshi. Ruwan da ya ɓuya a cikinsa shi ne yake lalata shi. Alkawarin da aka bar shi a dunƙule haka yake, ranar da aka yi shi kowa na murna, bayan wata uku ya fara wari.

Na uku, sai da wuta ake suya, amma wutar da ta yi yawa ƙona man take yi ya yi baƙi ya yi ɗaci. Za mu dawo kan wannan.

Ruwan kogi kuma nasa darasin daban. Kogin Hadejia daga ƙasar Kano yake tasowa, inda Kogin Kano da na Challawa suka haɗu, ya biyo ta Wudil da Ringim kafin ya iso mana, ya wuce ya bazu a fadamun da ke tsakaninmu da Nguru. Da damina jajawur yake zuwa, ya kwaso lakar duk inda ya ratsa. Matan ƙauyukan bakin kogi, ko a Auyo ne ko Guri ko Kiri Kasamma, sun san irin wannan ruwa ba a girgiza shi. A randa ake zubawa, a jefa ɗan alimun ko dakakken ƙwallon zogale, a rufe a ba shi lokaci, lakar ta dunƙule ta sauka ƙasa da kanta. Zuciyar da ta dagule da fushi ita ma haka take. Wadda ta ce sai an fayyace mata magana yanzu-yanzu, rai a ɓace, murya a sama, to ta sa muciya ne a randa.

KUNYA DA KARA

Hausa ba ta rasa kalmomin wannan aiki ba. Muna cewa a bayyana, a fayyace, a tantance, a warware zare da abawa, a fede biri har wutsiya. Sai dai in kika ƙirga na ɗaya ɓangaren za ki ga sun fi yawa: habaici, shaguɓe, gugar zana, hannunka mai sanda, jirwaye mai kamar wanka, ƙumbiya-ƙumbiya, nuƙu-nuƙu, rufa-rufa. Al'ummar da ta tara wa magana a kaikaice sunaye haka, lallai ta ƙware a cikinta.

Kuma ba laifi ba ne gaba ɗaya. An raine mu a kan kunya da kara. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, amarya ba ta haɗa ido da surukinta, baƙo ya zo kina shirin fita sai ki ajiye mayafi ki kawo masa ruwa ba ki nuna masa ya takura ki ba. Maƙwabciya ta aiko aron turmi karo na goma, ki bayar da fara'a. Waɗannan abubuwa su ne suka riƙe zaman tare, su ne suka sa gida mai mutum talatin yake kwana lafiya. Duk wadda ta ce a yar da su don wai zamani ya canja, ba ta san me take shirin rushewa ba. Magabata da suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, sun san abin da suke faɗa.

Amma su ɗin dai su suka ce rashin sani ya fi dare duhu, suka ce matambayi ba ya ɓata. To yaya za a haɗa biyun? Yaushe shiru yake zama mutunci, yaushe kuma yake zama cuta?

Ga ma'aunin da nake gani, ki gwada shi da hankalinki. Duk maganar da wani zai ɗora wani abu nasa a kanta, ko dukiyarsa, ko lafiyarsa, ko shekarun rayuwarsa, to yana da haƙƙin a fayyace masa ita, kuma barin ta a duhu zalunci ne ko da da murmushi aka bar ta. Maganar da babu mai gini a kanta kuwa, wadda fitowarta ba za ta ƙara komai ba sai ɓacin rai, wannan a bar kaza cikin gashinta. Bari mu ɗauki ma'aunin nan mu zaga da shi cikin gidajenmu.

SHIRUN BUDURWA

Kowa ya san hukuncin da ya shahara cewa in aka nemi izinin budurwa a kan aure ta yi shiru, shirun nan ana ɗaukar sa yarda. An yi haka ne don tausaya mata, saboda an san kunya ba za ta bar ta ta buɗe baki ta ce tana so ba. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar ɗin da ake karantawa a zaurukanmu, sun so a fara sanar da yarinya cewa shirunta za a lissafa shi a matsayin amincewa. Kin gani? Ashe shiru ma sai an fayyace ma'anarsa kafin a yi aiki da shi.

To ke 'yan mata, in an kira ki an ce ga wane, kuma har ga Allah ba kya so, kada ki dogara da kuka. Amarya mai so tana kuka, marar so ma tana kuka, wa zai bambance? Kada ki dogara da ƙin cin abinci ko kumbure-kumbure, za a ce ƙuruciya ce. In bakinki ba zai iya a gaban Baba ba, ai kina da gwaggo, kina da inna, kina da yaya. Ki je ki durƙusa ki ce, "Gwaggo, don Allah ki gaya wa Baba ban ƙi umarninsa don raini ba, amma zuciyata ba ta kwanta da wannan ba, ga kuma dalilina." Wannan ba fitsara ba ce. A zamanin Manzon Allah (SAW) wata bazawara, Hansa'u 'yar Hizamu, mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, ta je ta faɗa da bakinta, aka warware auren. Da ta zauna a ɗaki tana share hawaye da gefen zane, wa zai sani?

Iyaye mata kuma, in kin tambayi 'yarki ta sunkuyar da kai, kada ki yi saurin rangaɗa guɗa. Ki ja ta gefe ki ce, "Kin san fa in kika yi shiru cewa za a yi kin yarda. Kin yarda ɗin?" Minti biyu ne, amma yana iya tsare ki daga zaryar kotu da jaririya a baya.

Haka zancen saurayi. Shekara biyu yana zuwa zance, an shimfiɗa masa tabarma har ta tsufa, in aka taɓo maganar turo magabata sai ya ce, "Ai muna nan tare," ko "Sai abin da Allah Ya yi." Duk gaskiya ne, amma ba amsa ba ce. Ke kina korar masu zuwa saboda shi, wato kin ɗora shekarunki a kan maganarsa, don haka kina da haƙƙin jin wata da shekara. Ki lura da wani abu: duk inda kika ga magana ta ƙi fitowa fili, ki duba wa yake cin ribar duhun. Wanda yake da niyya tambaya ba ta ɓata masa rai. Wanda yake hasala don an ce ya fayyace, sau da yawa duhun ne jarinsa.

ARO NE KO KYAUTA?

Zumunci nawa ne ya mutu a kan wannan 'yar tambayar da aka ji kunyar yi? Yaya ta miƙa wa ƙanwa ɗan kunnen gwal ranar biki ta ce, "Ungo, sa wannan." Ƙanwa ta yi godiya har ƙasa. A zuciyar yaya aro ne, a zuciyar ƙanwa kyauta ce. Bayan shekara yaya ta shiga matsi ta aiko a karɓo mata, ashe an sayar an sa a jarin ƙuli-ƙuli. Babu maƙaryaciya a cikinsu, babu ɓarauniya, amma ga shi sun daina gaisawa har 'ya'yansu sun gada.

Maigida ya ce, "Ba ni kuɗin adashin nan naki in ƙara a takin shinkafa." Kika bayar. Rance ne? Gudummawa ce? Ko jari ne da za a raba riba in an yi girbi? In ruwa ya cinye gonar, asarar ta wa ce? Wata za ta ce haba, tsakanin mata da miji har sai an yi wannan lissafi? To ai saboda tsakanin mata da miji ne ya sa ya kamata a yi. Bare in kun ɓata kowa ya kama gabansa, miji kuwa da shi za ki kwana da abin a rai. Ba sai kin ɗaure fuska ba. Cikin wasa da dariya ma ana cewa, "Maigida, wannan fa bashi ne, in an sayar da shinkafa ina jira." Ya yi dariya ya ce ya ji. Shi ke nan, an soya man.

A ƙasar fadama irin tamu abin ya fi tsanani a kan gona. Akwai aro, akwai haya, akwai jingina, akwai sayarwa, kowanne da hukuncinsa. Dattijo ya ce wa amininsa, "Je ka noma wancan gefen," saboda kara ba a kira kowa ba, ba a rubuta ba. Su biyun sun san abin da suke nufi, amma ƙasa ta rufe musu ido. Ruwa kuma ya zo ya tafi sau ashirin, ya share kunyar da ta raba gonakin, bishiyar da aka yi alama da ita ta faɗi. Sai jikoki su tashi, waɗannan su ce gadonmu ne, waɗancan su ce aro kakanku ya karɓa. Mata da marayu su suka fi shan wuya a irin wannan, don su ne ba sa wurin lokacin da aka yi maganar. Karar da kakanni suka yi wa juna, jikoki ne suke biyan kuɗinta a gaban alƙali.

Ki tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, tana umarni da a rubuta shi, a sa shaidu, a ambaci lokacin biya, ƙarami ne ko babba. Waɗanda aka fara yi wa wannan umarni sun fi mu gaskiya da riƙon amana nesa ba kusa ba. Ke nan rubutu ba zargi ba ne. Mutum mai mantuwa ne, kuma mai mutuwa ne.

A GABAN LIKITA

Nan kuma tsoro ne yake shigar kayan kunya. Mace ta kai yaro asibiti, likita ya yi bayani da sauri, rabi Hausa rabi Turanci, ya ce kin gane? Ta ce e. Ta fito bakin ƙofa tana tambayar 'yan layi, wai cokali nawa ya ce? Ba kunya ce ta hana ta tambaya ba, tsoro ne kada a ce baƙauya ce. To wanne ya fi, a ce miki baƙauya ko ki ba yaro magani ba daidai ba? Ki ce, "Likita, yi haƙuri, in maimaita ka ji ko na gane. Cokali ɗaya safe, ɗaya dare, har kwana biyar, ko da ya warke kada in daina. Haka ne?" Likitan kirki zai ji daɗi.

Ga misalin da ya fi nuna haɗarin maganar da aka ji rabi. Yanzu gwajin jini kafin aure ya yaɗu, har jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024. In namiji mai AS ya auri mace mai AS, masana suna cewa akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS, wato mai cutar sikila. Da yawa sai su fahimta cewa in sun haifi 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai zai kamu, har wasu su ce tunda na fari ya zo da ita, ukun da ke biye sun tsira. Ba haka ba ne. Kowane ciki lissafinsa sabo ne, kashi 25 cikin 100, babu ruwansa da wanda ya gabace shi. Ana iya haihuwar huɗu babu mai ita, ana kuma iya haihuwar uku a jere duk da ita. An faɗi gaskiya, an ji ta, amma ba a fayyace ta ba, kuma yaro ne zai kwana yana kukan ciwon ƙashi.

RUWA NA ZUWA

Ba a cikin gida kaɗai ake bin bashin fayyacewa ba, shugabanni ma ana bin su. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin nan ta canja. Ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, sai ya rasa ta inda zai bi, ya fantsama gonaki da gidaje. Wanda ya ga daminar 2022 ba zai manta yadda mutanen Hadejia suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga don kada ruwa ya ci gari ba.

Kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da bayanin yadda damina za ta kasance. Amma a ce "ana hasashen ambaliya a wasu sassan Jigawa" bai ishi matar da ke ƙauye da 'ya'ya biyar da akuya uku da buhun gero a rumbu ba. Ita abin da take son ji shi ne: garinmu na ciki? Yaushe? In mun tashi ina za mu? Sanarwar da ba ta amsa waɗannan ba ɗanyen mai ce har yanzu. Ke ma kina da naki aikin. In kin ji a rediyo, ki sa maigida ya tambayi mai unguwa, ki kwashe takardun makarantar yara da katin asibiti ki ƙulle a leda ki rataye sama. Tambaya tun ruwa yana nesa ta fi kururuwa yana tsakar gida.

GARAU BA SHI NE TSAFTA BA

Sai dai a nan akwai tarko, kada ki faɗa. Alimun yana kwantar da laka ruwa ya yi garau, amma bai isa ya kawar da duk ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani ba. Ruwan da kike hango gindin randa ta cikinsa yana iya ɗauke da kwalara, shi ya sa ma'aikatan lafiya suke cewa a tafasa ko a sa maganin ruwa. Magana ma haka. Fitowarta fes ba shi ne gaskiyarta ba. Ɗan damfara ya fi kowa iya tsara zance, zai ce kawo dubu goma, ranar kaza ki karɓi dubu ashirin, babu inda-inda. Mayaudarin saurayi yana iya sa miki rana da wata. Wani bawan Allah kuma mai gaskiya sai ki ji yana in'ina, don yana tsoron ya yi alkawarin da ba zai cika ba. Saboda haka fayyacewa matakin farko ne kawai. Amfaninta shi ne ta ba ki abin da za ki riƙe ki bincika. In ya ce watan gobe, to watan gobe na nan tafe, za a gani.

Tarko na biyu shi ne wadda ta mayar da rashin kunya sana'a, ta sa masa suna gaskiya. "Ni fa ba na ɓoye-ɓoye," in ji ta, sannan ta tsaya a tsakiyar gidan suna ta faɗa wa kishiya abin da ya sa aka sako ta a gidan farko. Wannan ba fayyacewa ba ce, tonon silili ne. Koma kan ma'auninmu: wa zai gina wani abu a kan wannan labari? Babu. Sirrin shimfiɗarki, laifin da mutum ya tuba ya bari, talaucin maƙwabta da kika gani don an yarda da ke an bar ki kin shiga har ɗaka, duk waɗannan laka ce da ta riga ta kwanta. Mai hankali tsiyaye na sama take yi ta bar ta a inda take. Wutar da na ce tana ƙona mai, ita ce wannan.

YADDA AKE YI

Ki zaɓi lokaci. Mutumin da ya shigo da rana tsaka daga gona ko kasuwa, yunwa na cin sa, ba ya jin komai sai ƙarar kwano. Bari ya ci ya sha ya huta.

Ki zaɓi wuri. Abin da za a karɓa da sauƙi a ɗaki, in aka faɗe shi a gaban yara ko dangi sai ya zama raini, mutum ya ƙi gaskiya don kare girmansa.

Ki ɗora nauyin a kanki. Maimakon "Ba ka yi bayani ba," ki ce, "Ban gane sosai ba, ƙara mini haske." Maimakon "Inna, me kike nufi da wannan maganar?" ki ce, "Inna, so nake in yi yadda kike so, nuna mini." Ma'anar ɗaya ce, amma ta biyun ta bar wa babba girmansa.

Ki tambayi mai maganar, kada ki tambayi 'yan kallo. In uwar miji ta yi wata magana da ta tsaya miki a rai, kika kwashe ta kika kai wa ƙawaye su fassara miki, kowacce da irin lakar da za ta ƙara. Sau da yawa habaicin da kika kwana kina kuka a kansa ba da ke ake ba.

In magana ta shafi kuɗi ko ƙasa ko aure, a sa mutum na uku, in da hali a rubuta, ko a bayan littafin makarantar yaro ne. Wadda ba ta iya boko ba ai akwai ajami, akwai kuma ɗanta.

Sannan ke ma in aka tambaye ki, kada ki hasala. Ƙanwarki ta ce, "Yaya, aro ne ko kyauta?" kada ki ce ta raina ki. Ki gode mata, ta tsare muku zumunci ne.

A ƙarshe 'yar'uwa, duk lokacin da tambaya ta zo miki baki kika ji ta maƙale, ki tambayi kanki tsakaninki da Allah: abin nan da ya riƙe ni, kunya ce ko tsoro? Ga yadda za ki bambance su. Kunya mutuncin wani take karewa, ta bar ki da natsuwa. Tsoro kuwa jin daɗinki na yau kawai yake karewa, ya bar ki da saƙe-saƙe har asuba, gobe kuma ya turo miki da abin da kika guda ya ninka. In kunya ce, riƙe ta, ado ce. In tsoro ne, yi bisimilla, sassauta murya, ki tambaya.

Allah Ya ba mu harshe mai taushi da zuciya mai gaskiya, Ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu, Ya tsare mana garuruwanmu daga sharrin ruwa. Amin.